Ya Ƙi ko Ya Kasa? Nazari a Kan Hausar Musun Ƙwallon Kwando a Agege

Gabatarwa

Yajin aikin da malaman jami'o'i suka yi a shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya kai ni Legas. Da zaman gida ya ishe ni, sai mahaifina ya tura ni wurin ƙanensa da ke sayar da goro a Agege, don in riƙa taya shi jiran rumfa da lissafi. A can na tsinci abin da wannan maƙala za ta yi magana a kai, wato irin Hausar da ake amfani da ita wajen musu a kan 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka: kuɗin da ake biyan su, da raunin da suke ji, da kuma tambayar da ba ta ƙarewa, ko ya halatta mutum ya ci kuɗin aikin da bai yi ba. Abin da nake son in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kafin mai musu ya kawo hujja ko ɗaya, aikatau ɗin da ya zaɓa da sunan da ya kira yarjejeniyar da shi sun riga sun yanke masa hukunci.

Ban yi amfani da na'urar ɗaukar magana ba. A bayan littafin lissafin goro na Baffa na riƙa rubuta jimlolin da suka ja hankalina, kuma ban taɓa su ba sai dai wajen daidaita ƙa'idar rubutu. Masu maganar kuwa zan ambace su da sana'o'insu ne kawai.

Majalisar da masu zamanta

Hausawa ba baƙi ba ne a Agege. Fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Legas da Arewa tun farkon ƙarni na 20 su suka zaunar da su a wurin, har suka kafa zango da sarautar Sarkin Hausawa. Mayankar Oko-Oba kuma ta ƙara jawo mahauta da dillalan shanu. Akwai waɗanda iyayensu ma a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, amma da zarar musu ya yi zafi sai a koma Hausa.

Majalisarmu teburin wani mai shayi ne kusa da layin dogo, inda ake haɗuwa bayan sallar asuba a karya da burodin nan da ya yi wa garin suna. Masu zamanta na dindindin su ne Baffana, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan fansho da kowa ke kira Baba, da wani mahauci, da wani ɗan dako mai tura baro, da kuma wani saurayi ɗan canji wanda shi ne ainihin mayen ƙwallon kwando a cikinmu.

Gaskiyar magana, ƙwallon ƙafa ita ce sarauniya a wannan majalisa kamar ko'ina a Nijeriya. Abin da ya shigo da ƙwallon kwando a watan Mayun 2022 shi ne wasannin kusa da na ƙarshe na gasar NBA tsakanin Miami Heat da Boston Celtics, domin sunayen gida sun yi yawa a ciki. Miami tana da Bam Adebayo da Victor Oladipo da Gabe Vincent, wanda yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a watan Yulin 2021. Mai horar da Boston a lokacin kuma Ime Udoka ne, shi ma ya taɓa buga wa Nijeriya. Da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogon Nijeriya ake fara wasan, saboda haka ɗan canji ne kaɗai ke kwana kallo a waya, da safe ya zo ya ba da labari, sauran kuma su ɗora nasu sharhin a kan wasan da ba su gani ba.

Rikicin 1992

Ranar da musun ya fi armashi, ɗan canji ne ya ce Oladipo ya shekara uku yana fama da gwiwa amma kuɗinsa bai taɓa tsayawa ba. Mai baro ya ce wannan ai zalunci ne. Sai Baba ya gyara zama ya ce wannan rigima ta girmi yaran yanzu, domin an yi ta da ɗan Legas tun kafin a haifi mafi yawanmu.

Hakeem Olajuwon yake nufi. An haife shi a Legas a 1963, iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu ya fara yi, sai da ya kai kimanin shekara 15 sannan ya kama ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston a Amurka a 1980, kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauka a matsayin na farko, Michael Jordan ya zo na uku. A watan Maris na 1992, ana cikin ja-in-ja tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar a kan albashinsa, wanda yake ganin bai kai na takwarorinsa ba, sai ya ce tsokar bayan cinyarsa tana ciwo, ba zai iya wasa ba. Likitocin ƙungiya suka ce lafiyarsa ta isa ya buga. Shugabanni, ciki har da manajan ƙungiyar Steve Patterson, suka zarge shi da ciwon ƙarya don a ƙara masa kuɗi, aka dakatar da shi. Shi kuma ya fusata ya ce a sauya masa ƙungiya. A wannan shekara Houston ta ci wasa 42, aka ci ta 40, ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba. Sai a watan Nuwamba, cikin jirgin saman da ya kai su Japan don buɗe sabuwar kaka, shi da mai ƙungiyar Charlie Thomas suka sasanta. A 1993 aka tsawaita masa yarjejeniya, a 1994 da 1995 kuma ya ciyo wa Houston kofin NBA sau biyu a jere.

Baba na rufe baki, mai baro ya ce, “To ai ka gani, Baba. Ƙi ya yi. Ya ga kuɗin ba su yi masa ba, sai ya yi lamɓo.”

Baba ya ce, “A'a ɗana, kasawa ya yi. Kai ka shiga cikin cinyarsa ka gani?”

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya ƙi buga wasa.
(2) Ya kasa buga wasa.
(3) Bai buga wasa ba.

Ta fuskar ginin jimla, (1) da (2) tagwaye ne. Ƙi da kasa duka aikatau ne masu ɗauke da ma'anar korewa a cikinsu ba tare da an sa ba...ba ba, kuma duka biyun suna jan wani aikin a bayansu. Inda suka rabu shi ne ma'ana. Ƙi yana cewa iko yana nan, nufi ne babu. Kasa yana cewa nufi yana nan, iko ne babu. Rigimar da ta kusa raba Olajuwon da Houston gaba ɗaya, har da dakatarwa da asarar albashi, tana tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne. Jimla ta (3) ce kaɗai ba ta ɗauki ɓangare ba, kuma na lura ba wanda ya yi amfani da ita a majalisar ko sau ɗaya, domin ba ta da daɗin musu. Ga mai fassara labarai kuwa, ita ce ta fi aminci matuƙar ba a tabbatar da gaskiyar lamari ba.

Baffana, da yake ɗan kasuwa ne mai son sulhu, sai ya shiga tsakani da wata jimla da ta burge ni:

(4) Ƙafar ce ta ƙi.

Hausa ta yarda abu marar rai ya ƙi. Mukan ce mota ta ƙi tashi, wake ya ƙi dahuwa, barci ya ƙi zuwa, miki ya ƙi warkewa. Baffa ya bar wa mai baro kalmarsa ta ƙi, amma ya ɗauke ta daga kan mutumin ya ɗora wa gaɓar jikinsa. Ta haka mai baro ya ji an yarda da shi, Baba kuma ya samu abin da yake so, wato wanke ɗan Legas. Sai da aka yi dariya aka sha shayi kafin mai baro ya gane an yi masa wayo.

Akwai kuma 'yar ƙaramar kalmar nan wai. Idan ɗan canji ya ce “wai zai yi jinyar wata shida”, ruwaito abin da ya karanta yake yi. Idan mai baro ya ce “wai ya ji ciwo”, ya ja wasalin ya taɓe baki, to ƙaryatawa yake yi. A baka murya da fuska suna bambance su. A rubuce kuwa babu mai bambance su, don haka wanda ya sa wai a kanun labari ya sani cewa rabin masu karatu za su ɗauka gatse yake yi.

Wa ya karya, me ya karye?

Shekara ɗaya kafin wancan rikici, a watan Janairun 1991, Olajuwon ya ji wani raunin da ba wanda ya yi musunsa. Gwiwar hannun Bill Cartwright na Chicago Bulls ta same shi a fuska, ƙashin kwarmin idonsa ya samu karaya, ya rasa wasa 25. Da Baba ya kawo wannan labari, sai na ji an faɗe shi ta hanya uku cikin 'yan mintoci:

(5) Cartwright ya karya masa ƙashin ido.
(6) An karya masa ƙashin ido.
(7) Ƙashin idonsa ya karye.

Wanda ya yi darasin giredin aikatau na Parsons zai gane abin da ke faruwa. Karya giredi na ɗaya ne, so-karɓau, dole a samu wanda ya aikata. Karye giredi na huɗu ne. A aji an fi nuna mana giredi na huɗu da ma'anar ƙarewa ƙaf, kamar cinye da shanye da saye, amma akwai rukunin aikatau da idan suka shiga wannan giredi sai su zama ƙi-karɓau, abin ya auku kawai ba tare da an ambaci mai aikatawa ba. Abin sha'awa shi ne kusan duk aikatau na ɓarna da rauni suna cikin wannan rukuni: karya da karye, tsinka da tsinke, yaga da yage, tsaga da tsage, fasa da fashe. A na ƙarshen ma ga ganɗantawa a fili, inda s ta koma sh a gaban wasalin e.

Ke nan harshen ya tanadar wa mai magana matakai. A (5) akwai mai laifi da sunansa. A (6) akwai mai laifi amma an sakaya shi da an. A (7) babu kowa, ƙaddara ce. Masu goyon bayan ɗan wasa sun fi son (5) da (6), domin suna nuna cewa a bakin aiki aka ji masa ciwo, don haka dole a biya shi. Masu sukar sa kuwa suna da mataki na huɗu:

(8) Shi ya ji wa kansa ciwo.

Da wannan jimla ake dawo da laifin kan mai raunin, ko don ya yi ganganci, ko don ya koma fili bai gama warkewa ba saboda kwaɗayin sabon kwantiragi.

A nan ya kamata a tsaya a kan aikatau ji, domin shi ne tushen matsalar. Ya ji ciwo labarin aukuwa ne da aka yi a gaban jama'a, kowa ya ga faɗuwar. Yana jin ciwo kuwa labarin abin da ke cikin jiki ne, ba mai shaida sai mai jikin. Raunin 1991 na farkon ne, na 1992 na biyun ne. Shi ya sa aka gaskata ɗaya aka ƙaryata ɗaya, alhali mutumin guda ne. Hausa kuma tana da tarin kalmomin da ake jifan mai ciwon ɓoye da su: raki ga mai yawan kukan ciwo kaɗan, lamɓo da likimo ga mai kwanciyar ƙarya, shagwaɓa ga wanda aka ga gata ya yi masa yawa. A ɗaya ɓangaren akwai dauriya da juriya, waɗanda ake yaba wa namiji da su. Ni a ganina wannan ma'auni yana da haɗari, domin ɗan wasan da ya ji tsoron a kira shi mai raki shi ne ke komawa fili da ɗanyen ciwo.

Abin da mahauci ya sani

Wata rana na karanta musu labarin raunin Oladipo na fassara shi da cewa jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Mahauci ya ajiye kofinsa ya ce, “Malam ɗan jami'a, wace jijiyar? Ta jini, ko agara?”

Na yi shiru, don ban taɓa tunanin tambayar ba. A Hausar yau da kullum, har da ta rediyo, jijiya ta haɗiye abubuwa da dama: hanyar jini, da zaren da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Mahauci kuwa, da yake da wuƙa yake rarrabe su kullum, yana da suna ga kowanne. Agara ita ce farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda ta fi fitowa fili a bayan dunduniya. Guringuntsi shi ne abin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a gaɓa. Tantani daban, kitse daban, tsoka daban. Ya bayyana mini cewa tsoka tana cike da jini, agara kuwa fara ce fat ba jini sosai, kuma likitoci ma sun tabbatar ƙarancin jinin nan yana cikin dalilan da suka sa raunin agara ke daɗewa bai warke ba.

Da wannan sai labarin ya fito sarai. Abin da ya tsinke wa Oladipo ranar 23 ga Janairun 2019, yana buga wa Indiana Pacers, agarar da ta haɗa tsokar gaban cinya da ƙoƙon gwiwar dama ce. Ya shekara guda cur kafin ya dawo fili. Abin da ya tsinke wa Kevin Durant a wasan ƙarshe na watan Yunin 2019 kuwa agarar dunduniya ce. Idan mai fassara ya ce duka biyun “sun ji rauni a ƙafa”, bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai sauraro yana mamakin yadda ƙato zai shekara yana jinyar abin da yake zaton targaɗe ne. Daga wannan mamaki zargin raki ke farawa. Mu da muke koyon fassara mukan garzaya ƙamus ko mu ƙirƙiro sabuwar kalma, alhali kalmar tana bakin mahauci da maɗori a bayan gidanmu.

Kalmar rauni kanta tana da fuska biyu, ciwo da kuma rashin ƙarfi. Idan aka ce ɗan wasa yana da rauni, ana iya nufin yana jinya, ana kuma iya nufin ba shi da ƙwari. Haka karaya: akwai ta ƙashi, akwai ta zuciya, akwai ta arziki, kuma a labarin 'yan wasa sau da yawa ɗaya ke jawo sauran.

Jinga ko albashi?

Yanzu sai batun kuɗin. Gidajen rediyo sun fi amfani da kwantiragi da yarjejeniya. Kwantiragi kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma misali ce mai kyau ta yadda Hausa ke raba baƙaƙen da suka cunkushe ta hanyar saƙa wasali a tsakaninsu, ta kuma rufe kalmar da wasali. Tana da 'yar'uwa, kwangila, amma sun raba aiki: ana ba da kwangilar gina titi, ana rattaba hannu a kwantiragin ɗan wasa. Sai dai na lura duka biyun ba su gaya wa mutanen majalisarmu komai game da sharuɗɗan biya. Don haka kowa sai ya fassara kwantiragi da tsarin aikin da ya sani a rayuwarsa.

Mai baro ya ce, “Ai jinga ce. Ka ce za ka kai kaya tasha, ka faɗi a hanya, wa zai biya ka?”

Baba ya ce, “Ba jinga ba ce, albashi ne. Mu a reluwe in ka kwanta asibiti wata ya ƙare, kuɗinka na nan.”

Jinga ita ce a yi ciniki a kan aiki dungurungum, kamar noman gona ko haƙar rijiya, a biya idan an gama. Ƙodago aikin ƙarfi ne da ake biya gwargwadon abin da aka yi, galibi a rana. Albashi kuwa lokacin mutum ake saye, wata-wata. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna cewa wannan rarrabewa tana cikin littattafan fiƙihu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka bambanta ijara da ju'ala. Malamai sukan fassara ju'ala da jinga, kuma hukuncinta shi ne ba a cancanci lada sai aiki ya kammala. Mai baro bai karanta wannan ba, amma a kan wannan hukunci yake rayuwa.

To wanne ya yi daidai da NBA? Baba ya fi kusa da gaskiya. Mafi yawan kwantiragin gasar masu lamuni ne, wato an lamunce wa ɗan wasa kuɗinsa ko ya buga ko bai buga ba, muddin ciwo ne ya hana shi. Misalin da ya fi ɗaure wa mai baro kai shi ne na Durant: wata guda bai cika ba da tsinkewar agararsa, ƙungiyar Brooklyn Nets ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na kimanin dala miliyan 164, tana sane ba zai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar farko, kuma bai buga ɗin ba. Wannan ma ya sa kalmar ƙi ke da nauyi, domin lamunin yana rufe wanda ya kasa ne, wanda ya ƙi ana iya dakatar da shi a yanke masa kuɗi, kamar yadda aka yi a 1992.

Amma mai baro ma bai faɗi ƙasa warwas ba, domin akwai ɓurɓushin jinga a tsarin. A 2017 Philadelphia ta ba Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, kwantiragin shekara biyar bayan ya buga wasa 31 kacal cikin shekara uku, amma ta sa sharuɗɗan da za su rage mata asara idan tsofaffin raunukansa suka dawo. Daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma aka kafa dokar cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla 65 daga cikin wasanni 82 kafin ya cancanci manyan lambobin yabo, waɗanda su kuma suke ɗaga yawan kuɗin da za a iya ba shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wanda ya fi kowa tsananta wa 'yan wasan shi ne wanda ya fi kowa sanin ciwo. Mai baro yana fama da ciwon baya, da ɗamara yake ɗaure ƙugunsa kafin ya fita. Baron ma ba nasa ba ne, haya yake biya kullum, ko ya samu dako ko bai samu ba. Na yi zaton shi zai fi tausaya wa mai rauni, ashe ba haka ba ne. A duniyarsa ba a taɓa biyan wanda ya kasa ba, don haka duk wanda aka biya yana kwance, a wurinsa akwai ha'inci a ciki.

Hausar kasuwa

Ragowar kalmomin musun daga kasuwa aka kwaso su, kuma ba abin mamaki ba ne a unguwar fatake. Wakilin ɗan wasa dillali ne, kason da yake samu la'ada ce, gwajin lafiyar da ake yi kafin a ɗauki ɗan wasa kuwa duba aibi ne, kamar yadda ake buɗe bakin sa a kara. Ga yadda Baffa ya taƙaita abin da ya samu Oladipo a 2021:

(9) An taya shi, ya ce albarka, kasuwa ta faɗi.

Kowace gaɓa ta jimlar tana da abin da take nufi. A watan Janairun 2021 aka mayar da shi Houston, tsohuwar ƙungiyar Olajuwon. Kafofin labarai sun ruwaito cewa ƙungiyar ta yi masa tayin ƙarin shekara biyu a kan kimanin dala miliyan 45, bai sallama ba, yana sa ran samun wanda ya fi tsawo da tsoka idan kwantiraginsa ya ƙare. A watan Maris aka miƙa shi Miami, ya buga wasa huɗu, ciwon ya tashi, aka sake yi masa aiki a agarar nan dai a watan Mayu. Da lokacin ciniki ya zo, sai kwantiragin shekara ɗaya a kan mafi ƙarancin albashin gasar ya samu. Mai baro ya ce garin neman ƙiba an samo rama. Ɗan canji ya ce ba kwaɗayi ba ne, lissafi ne da bai fita ba, kuma duk ɗan kasuwar da ke wurin ya taɓa riƙe kaya yana jiran farashi.

Akwai kuskure ɗaya da wannan Hausar kasuwa take jawowa. Saboda sabo da ƙwallon ƙafa, mukan ce an sayar da ɗan wasa. A NBA ba a cika sayarwa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, kuma kwantiragin mutum yana bin sa duk inda aka kai shi, sabuwar ƙungiya ta ci gaba da biya. Don haka wani lokaci takardar ake nema don daidaita lissafin albashi, mutumin kuwa ko ya zo ko kada ya zo. Oladipo ya zama misalin wannan daga baya. A Yulin 2022, ina Agege, Miami ta ba shi sabon kwantiragin shekara biyu. Ranar 22 ga Afrilun 2023, a wasa da Milwaukee, agarar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri ta tsinke masa, wannan karon a ƙafar hagu. A kakar da ta biyo baya an yi musayar sa sau uku, daga Miami zuwa Oklahoma, zuwa Houston, zuwa Memphis, bai buga wa ko ɗaya daga cikinsu wasa ba, albashinsa na sama da dala miliyan 9 kuma yana tafiya.

Lokacin da wannan rauni na biyu ya faru na riga na koma makaranta. Ɗan canji ne ya aiko mini da saƙon murya da asuba, ana jin ƙarar cokali da kofi a bayansa. Ya ce, “Malam, ɗaya gwiwar ma ta tsinke.” Na ji muryar Baba daga nesa yana cewa Allah ya ba shi lafiya, na ji mahauci yana gyara masa cewa agara ce ta tsinke, gwiwa ba ta tsinkewa. Na tambayi abin da mai baro ya ce. Ya ce ai tun kafin azumi bayan ya matsa masa ya tafi gida neman magani, mai baron kuma ya ba wani.